Rabin Ƙwayar Kofur Garba

Tun da muka dawo da Baba gida, duk Lahadi in an tashi daga majami'a sai wani ya tare ni a bakin ƙofa da tambaya ɗaya: "Malama Saratu, wanne ya fi, huda kan ko toshe jijiyar?" Na amsa har bakina ya gaji. Shi ya sa na zauna na rubuta yadda abin ya gudana, wanda ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama wuta ya shafa wa nasa ruwa. Ni ba likita ba ce, malamar firamare ce a nan Zuru. Abin da na sani shi ne an yi wa mahaifina duka biyun cikin shekara guda, kuma ni na yi jinyarsa a duka biyun.

Baba Ishaya tsohon soja ne, kowa a unguwarmu Saja yake ce masa. Mutum ne mai tsari har ya yi yawa. Kullum da safe sai ya aske gemu, ya goge takalmin da babu inda zai je da shi, sannan ya taka zuwa gindin wani mangwaro inda tsofaffin sojoji ke zama. A majalisar nan akwai doka guda da ba a rubuta ba: duk abin da mutum ya zo da shi, rabawa ake yi. Goro, rake, labarin fansho, har magani. Babban amininsa a cikinsu shi ne Kofur Garba, mutumin wajen Argungu, wanda suka yi aiki bataliya ɗaya, da ya ajiye kaki kuma ya zauna a Zuru bai koma gida ba. Shekarun baya ɓarin jikinsa na dama ya shanye, ya warke ya bar masa hannu a lanƙwashe. Tun daga nan likita ya ɗora shi a kan asfirin, ƙwaya ɗaya kullum, don tsinka jini.

Da kaka abin ya fara. Baba yana dawowa daga gonarsa ta Manga a bayan mashin, da damin dawa a tsakaninsa da mai mashin, mashin ɗin ya zame a kan duwatsu suka faɗi. Kansa ya bugu da dutse. Ya tashi ya karkaɗe wando, ya taya mai mashin ɗaure damin, suka ci gaba da tafiya. Ko a gida bai faɗa ba. Daga baya, a bakin mai mashin muka ji.

Sai da aka yi kusan mako shida kafin wani abu ya nuna. Ciwon kai ne farko, wanda ya ce na rana ne. Mako na gaba cokali ya fara suɓuce masa daga hannun dama. Bayan nan na ga yana jan ƙafa, silifas ɗinsa na dama yana tsayawa a baya shi yana gaba. Ranar da na tsorata ita ce ranar da ya fito da gemu rabi a aske rabi a tsaye, yana tambayata ko Mama ta dawo daga kasuwa. Mama ta rasu shekara huɗu kafin nan.

Na kai shi wani ƙaramin asibitin kuɗi. Muka yanki kati, muka bi layi tun safe har azahar, aka auna jini aka ce ya ɗan hau, aka haɗa mana da maganin maleriya da na taifod, domin a wajenmu ko ƙaya ka taka sai an gano maka taifod. Masu zuwa dubiya kowa da nasa. Gwaggona ta ce tsufa ne, a bar shi ya huta. Wani dattijo a coci ya ce a kira wanzami ya yi masa ƙaho a ƙeya. Yawancin mutane sun tsaya a kan cewa shanyewar ɓarin jiki ce ke tafe, ni ma haka na ɗauka.

A nan Kofur Garba ya shigo da nasa taimakon. Ya zo da sandarsa, ya zauna a bakin gado, ya zaro katin ƙwayoyinsa daga aljihu.

"Ɗiyata, wanga ciwo na san shi. Haka nawa ya faro, hannu da ƙahwa. Ga abin da anka ba ni. Ki ba shi ɗaya kullum da sahe."

Na karɓa hannu biyu, na yi godiya, har na raka shi bakin titi. Kwana goma ina ba Baba ƙwayar nan da hannuna, bayan kunu.

A mako na tara ya daina iya ɗaga hannun dama gaba ɗaya, magana kuma ta koma guntu-guntu. Wata nas da muke zumuntar mata tare ta zo ta dube shi, ta ja ni waje ta ce kada in ƙara kwana biyu ban kai shi an yi masa hoton kai ba. Washegari muka ɗauki shatar mota zuwa Sakkwato. Ba zan ɓata takarda a kan hanyar ba, wanda ya bi ta ya sani. Mun isa da la'asar, injin hoton yana da layin da ya kai ƙofa, sai rana ta biyu muka samu shiga.

Likitan da ya karanta hoton matashi ne, Basakkwace, mai magana a hankali. Ya ɗaga hoton ya nuna mini wani baƙin abu mai siffar jinjirin wata a ɓangaren hagu.

"Malama, ba shanyewar jiki ta ba. Jini ya kwanta tsakanin ƙoƙon kai da ƙwaƙwalwa, shina danne ta. Ya tsufa a wurin, ba na jiya ba na. Ya taɓa hwaɗuwa?"

Na ba shi labarin mashin. Ya tambayi magungunan da yake sha, na lissafa, na kawo kan asfirin. Ya ajiye biro.

"Wa ya rubuta mai ita?"

"Abokinsa ne ya ba shi."

Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Cewa kawai ya yi ga wanda jijiyarsa ta toshe wannan ƙwaya rahama ce, ga wanda jini ke tsiyaya a kansa kuwa ƙara masa gudu take yi. A daina daga yau, kada a sake sai likita ya ce.

Sannan ya zayyana mana hanyoyi biyu. Ta farko, a huda ƙoƙon kai, a zuƙe jinin, a bar 'yar roba kwana biyu ta ƙarasa tsiyayar da sauran. Ta biyu sabuwa ce, kuma ba a yin ta a wajensu: a zura wata siririyar roba ta jijiyar cinya, a bi da ita har cikin kai, a toshe jijiyar da ke shayar da tantanin da jinin ke tsatsowa daga gare shi. Jinin da ya riga ya kwanta kuwa, jiki ne zai shanye shi a hankali.

Yayana Bitrus, wanda ke aiki a Abuja, yana kan waya yana ji. Tun kafin likita ya rufe baki ya riga ya binciko sunan aikin na biyu da Turanci, yana ta maimaita shi kamar shi ya raɗa masa. Ni dai toshe jijiya na riƙe.

"Saratu, kar ki sa hannu a kan komai. Ba za a fasa kan Baba ba alhali ga hanyar da ba yanka. Ki kawo shi Abuja."

"Yaya, mutumin da ba ya iya zama a kujera zan ɗauko daga Sakkwato zuwa Abuja?"

Na miƙa wa likita wayar. Maganar da ya yi ita ce ta zauna mini har yau, kuma ita nake ba duk mai tambaya.

"Ranka shi daɗe, misalin ɗaki na da ruwa ya cika. Aiki guda kwashe ruwan na, gudan kuma gyaran rufin da ke yoyo. In ruwa ya kai wa mutum wuya, ba a hawa bisa gyaran rufi, sai an kwashe tukuna. Na Baba ya kai wuya."

Yaya bai gamsu ba. Muka yi kwana biyu muna ja-in-ja a waya, yana cewa tsoro ne ke sa ni gaggawa, ina cewa daga nesa kowa gwani ne. A kwana na uku Baba ya ƙi farkawa sosai, in an kira shi sai ya buɗe ido ya mayar. Na sa hannu a takardar ban kira kowa ba, na kira Yaya bayan an shiga da Baba.

Aikin bai kai yadda nake tsoro ba. An aske gefen kansa, an yi masa allurar kashe zafi a wurin, ba a ma sa shi barci gaba ɗaya ba. Ya fito da bandeji da roba tana sauka cikin wata jaka, abin da ke fita baƙi kamar tsohon man inji. Aka ce ya kwanta a miƙe ba matashi, kada ya ɗaga kai. Wannan ita ce wahalar jinyar: ciyar da mutum a kwance, juya shi, fo, da kuma hana tsohon soja tashi. Nas-nas ɗin ɗakin mutanen kirki ne, sai dai su biyu ne a kan gadaje masu yawa, duk abin da ɗan jinya zai iya, shi zai yi. Amma washegari da hantsi Baba ya dube ni ya ce, "Saratu, ina rezata?" Da hannun dama ya shafa gemun. Na fita baranda na yi kuka, na dawo na ce masa ba a aski a asibiti.

Kwana takwas aka sallame mu. Likita ya gargaɗe ni cewa irin wannan jini yakan dawo, musamman ga tsofaffi, in na ga alama kada in jira. Ya sake maimaita maganar asfirin. Na faɗa wa Baba, na faɗa wa Gwaggo, na zubar da sauran katin a masai. Mutum ɗaya ne ban faɗa wa ba, shi ne wanda ya kawo ta. Na ji nauyin in ce wa dattijo kyautarsa ta yi ɓarna, sai na yi shiru, na ɗauka magana ta wuce.

Bayan mako biyu Baba ya koma gindin mangwaro. Na ji daɗi, na ce ya samu abokan hira, na koma makaranta.

A mako na shida bayan aikin, na ga silifas ɗin dama ya sake tsayawa a baya. Wannan karon ban saurari kowa ba, kwana ɗaya muka kama hanyar Sakkwato. Hoto ya nuna jinin ya dawo wuri ɗaya, sai dai bai kai na farko ba, Baba yana magana, yana tafiya da sanda. Likita ya tambaye ni ko na tabbata ba ya shan ƙwayar nan. Na ce na tabbata, har da dafa ƙirji.

Da rana ina neman katin asibiti a jakar Baba, sai na ci karo da gwangwanin da yake ajiye reza da allura tun yana soja. A ciki akwai takarda a naɗe. Na warware, sai ga ƙwayoyi farare guda bakwai, kowace rabi, an yanka su daidai da reza.

"Baba, mene ne wannan?"

"Guzuri ne. Garba ya ba ni na hanya."

"Tun yaushe kake sha?"

"Tun da na koma majalisa. Kullum da safe yana yanka tasa biyu, ya ba ni rabi ya sha rabi."

"Ba ka ji abin da likita ya ce ba?"

Ya ce, "Na ji. Amma mutum ya rage daga bakinsa ya miƙo maka a gaban jama'a, ka ce ba ka so? Mutumin da muka sha ruwan gora ɗaya a daji?"

Na koma ofishin likita na janye rantsuwata. Ya ce ba zai iya cewa ƙwayar ce kaɗai ta dawo da jinin ba, yakan dawo ko babu ita, amma ba ta taimaka ba. Game da abin yi kuma, ya ce wannan karon ruwan bai kai wuya ba. Za a iya sake hudawa a nan, za a iya gwada gyaran rufin, tun da ɗakin ya nuna yana yoyo. Ya ce a wasu wurare ma haɗa biyun ake yi lokaci guda, kuma har yanzu likitoci na kan nazarin wanda ya fi dacewa da wa. Ya rubuta mana takarda zuwa Abuja, da sharaɗin in Baba ya fara yawan barci a hanya, mu nufi asibiti mafi kusa da ke huda kai.

Mun yada zango a Zuru kwana biyu. A nan na yi abin da ba na alfahari da shi. Na tafi gindin mangwaro da takardar ƙwayoyin a hannu, dattawa bakwai suna zaune, na zube ƙwayoyin a kan benci gaban Kofur Garba.

"Baba Kofur, ga kayanka. Su ne suke neman kashe maka abokin. Don Allah likitancin ya isa haka."

Ya dubi ƙwayoyin, ya dube ni. Ya ce, "Ban sani ba, ɗiyata. Ba wanda ya hwaɗa min." Ya tattara su da hannun hagu ɗaya bayan ɗaya, ya ɗauki sandarsa ya tafi. Gaskiya ya faɗa, ba wanda ya faɗa masa, kuma na san wadda ya kamata ta faɗa.

Aikin Abuja ya ci bijimin noman Baba da abin da Yaya ya daɗe yana tarawa, ya ninka na Sakkwato nesa ba kusa ba. Wurin tsaf, babu layi, sai dai komai sai an biya kafin a taɓa mutum. An shiga da Baba da safe, kafin azahar an fito da shi. Babu aski, babu bandeji a kai, sai 'yar filasta a matse-matsi da umarnin kada ya lanƙwasa ƙafar na wasu awoyi. Kwana biyu aka sallame mu.

Abin da ba a shirya mu a kai ba shi ne jira. Na saba da na farko, inda aka yi aiki yau gobe mutum ya nemi reza. Wannan kuwa mun fito yadda muka shiga, ƙafa tana ja, kai yana ciwo. Yaya, wanda ya fi kowa son aikin, shi ya fara cewa ko dai an cuce mu ne. Mako biyu babu wani canji da ido zai gani. A na huɗu ciwon kai ya ragu. A na shida silifas ya daina tsayawa a baya. Hoton da aka yi bayan wata uku ya nuna jinjirin watan ya sirance ya kusa ɓacewa, kuma har yau da nake rubutun nan bai dawo ba.

To ga amsata ga masu tare ni a ƙofar coci. Huda kai ya dawo mini da mahaifina cikin kwana ɗaya a lokacin da ba mu da kwana biyu, amma ya bar masa ɗan rami a kai, kuma jinin ya dawo. Toshe jijiya bai bar tabo ba, jinin bai dawo ba, amma yana son mara lafiyar da zai iya jira, da aljihun da zai iya, da doguwar tafiya. Da mun bi Yaya a karon farko, ban san ko da Baba ya kai Kontagora ba. Da mun ƙi bin sa a karo na biyu, wataƙila da yanzu muna kan huda na uku. Hoto da likita su ne za su faɗa muku naku. Abin da zan iya cewa da bakina shi ne, tsoho in ya bugu a kai, ko ya ce ba komai, ku sa masa ido wata biyu. Kuma ku binciki aljihunsa.

Da Baba ya samu ƙarfin komawa majalisa, ya dawo tun kafin hantsi, fuska a ɗaure. Ya ce wata huɗu ke nan Garba bai taka gindin mangwaro ba, kuma an faɗa masa dalili. Bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi in ɗauko mayafina.

Muka taka har gidan Kofur, Baba a gaba ba sanda, ni a baya. Muka same shi a ƙofar gida a kan tabarma, ya rame. Da ya gan mu ya yunƙura zai tashi, ya kasa haɗa ido da kowa. Na durƙusa na ce, "Baba Kofur, ka gafarce ni. Laifina ne, ni ce ban faɗa maka ba."

"Tashi, ɗiyata. Ni na kusa kashe Saja da hannuna."

Baba ya ce, "Garba, mako nawa ka yi kana shan rabin maganinka saboda ni?"

Ni ma sai a lokacin lissafin ya zo mini: duk rabin da ya shiga bakin Baba, daga maganin mutumin da jikinsa ya taɓa shanyewa aka yanke shi. Tun daga wannan makon ni nake karɓo wa Kofur ƙwayoyinsa, ina kuma ƙirga su, don na san halin majalisar.

A soja, saja ba ya fara sara wa kofur. Baba ya haɗa ƙafafunsa a kan ƙasar ƙofar gidan, ya miƙe, ya ɗaga hannun daman nan da muka yi Sakkwato da Abuja dominsa, ya kai shi goshi ya tsayar. Kofur Garba ya dube shi ya daɗe. Sannan ya sa hannun hagu ya kamo na daman da ya lanƙwashe, ya ɗaga shi a hankali har ya kai goshi.